Batirin Sola na Lithiyam Ya Daina Kai Mu Asuba: Yaya Zan San Ƙarfin da Ya Rage Masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da batirin lithiyam na sola a gidana a Kano, an rubuta 48V 100Ah a jikinsa, shekararsa huɗu da rabi. Da can yana kai mu asuba da fankoki da firji. Yanzu wajen ƙarfe biyu na dare yake ɗaukewa. Allonsa sai ya nuna saura kashi 38, can kwatsam ya koma sifili. Manhajarsa a waya kuma tana cewa lafiyarsa kashi 97 ce. Yaron da ya haɗa mini ya sa mita ya ga bolt 53, ya ce ƙalau yake. Wani kuma ya ce ya mutu, in sayi sabo. Yaya zan san gaskiyar abin da ya rage a cikinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi sabo tukuna, kuma kada ka yarda cewa ƙalau yake. Duk su biyun sun yanke hukunci ba tare da sun auna abin da ya kamata a auna ba. Hanya ɗaya ce tak ke nuna ƙarfin da ya rage wa batiri: a cika shi fal, a sauke shi da lodin da aka sani har ya ƙare, a ƙirga abin da ya fito. Duk sauran lambobin da kake gani, na allo da na manhaja da na mita, ƙiyasi ne, kuma a irin batirinka ƙiyasin yakan yi nisa da gaskiya sosai.

Akwai tambayoyi biyu da mutane ke cakuɗawa. Ta farko: yanzu haka, caji nawa ne a cikin batirin? Ta biyu: idan ya cika, nawa yake iya ɗauka? Ka ɗauki randar da ta shekara ba a wanke ba, laka ta taru a gindinta. Kana iya cika ta har baki, duk wanda ya leƙa zai ce a cike take, amma ruwan da za a ɗiba ya gaza na da. Kashi 100 da allo ke nunawa da la'asar yana nufin an kai baki ne kawai. Tambayarka a kan zurfin da ya rage take, kuma ba a ganin wannan daga sama.

Batirin gida na 48V 100Ah (V na nufin bolt, Ah kuma amfiya-awa, ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka) kusan ko da yaushe nau'in LiFePO4 ne, wato lithiyam mai haɗe da sinadarin ƙarfe da fosfet. A cikinsa akwai ƙwayoyi 16 da aka jera bi da bi, kowace mai bolt 3.2, jimilla 51.2, wanda idan ka ninka da 100 zai ba ka kilowat-awa 5.12. Wasu kamfanoni ƙwaya 15 suke sawa, bolt 48 daidai, kilowat-awa 4.8. Ka buɗe manhajar ka ƙirga ƙwayoyinka kafin komai, domin duk lissafin da zan kawo na mai 16 ne. In naka mai 15 ne, sai ka ninka boltin ƙwaya ɗaya da 15.

Abin da ya sa mitar yaron nan ba ta faɗi komai ba shi ne halin wannan nau'in batirin. Mu da muka taso da batirin ruwa mun saba cewa bolt yana sauka a hankali yayin da caji ke raguwa, har mutum ya iya kallon mita ya ce saura rabi. LiFePO4 ba haka yake ba. Daga wajen kashi 20 har zuwa 90, ƙwayar da ta huta tana tsaye ne tsakanin bolt 3.2 da ɗoriya zuwa 3.35. Duk wannan doguwar tafiya, bambancinta kashi ɗaya cikin goma na bolt ne kawai da ɗan ɗoriya. A tsakiyar ma, bambancin kashi 40 da kashi 60 'yan milibolt ne, wato 'yan kashi cikin dubu na bolt. Ƙaramar mitar hannu ta kasuwa kuwa kuskurenta a bolt 53 yakan kai rubu'in bolt. Ƙari a kan haka, batirin da aka gama yi wa caji yanzu yakan nuna bolt sama da wanda aka gama saukewa, ko da cajin da ke cikinsu ɗaya ne, sai sun huta awanni kafin su kusanci juna. Kuma ko da mitar ta fi kowace kyau a duniya, ƙwayar da ta tsufa ta koma 60Ah, idan ta cika, boltin da za ta nuna daidai yake da na sabuwa mai 100Ah. Bolt 53 ya gaya maka cewa babu ƙwayar da ta mutu murus. Bai gaya maka komai ba game da ƙarfi.

Kashi 97 ɗin manhaja ma ka ajiye shi gefe. Na'urar da ke kula da batirin daga ciki, wadda ake kira BMS, ba ta da wata hanya ta leƙa cikin ƙwaya. Da yawa daga cikinsu zagayen caji kawai suke ƙirgawa, su rage wani ɗan adadi bisa jadawalin da kamfani ya saka musu tun a masana'anta, jadawalin da bai san zafin ɗakinka ba. Masu ɗan kyau suna gyara lambar ne kawai idan sun ga batirin ya tashi daga cika fal zuwa ƙarewa a tafiya ɗaya, abin da kan yi watanni bai faru ba a gida.

Amma faɗowar nan daga 38 zuwa sifili, ita ce magana mafi amfani a cikin tambayarka. BMS tana ƙirga amfiya da ke shiga da fita ne, tana cirewa daga 100 ɗin da aka gaya mata batirin yana da shi. Da ta ga 62Ah sun fita, sai ta rubuta saura 38. A daidai lokacin sai wata ƙwaya ta faɗo ƙasa da iyakar da aka gindaya, BMS ta yanke wuta don kare ta, ta kuma gyara lissafinta zuwa sifili. Wato idan har batirin ya cika da gaske a ranar, abin da kake iya ci daga cikinsa a halin yanzu bai wuce 60Ah da 'yan kai ba. Ka lura da sharaɗin: idan har ya cika. Kuma ka lura na ce abin da kake iya ci, ban ce abin da ƙwayoyin ke iya ɗauka ba. Tsakanin waɗannan biyun kuɗinka yake.

Abu uku ne ke sa batiri ya daina kai mutum asuba, kuma ɗaya ne kawai cikinsu tsufa.

Na farko, ba ya cika. Ƙurar hunturu ta rufe fanel, ko giza-gizan watan Agusta, ko an ƙara lodin rana har fanel ba sa barin abin da zai ishi batiri. Wani lokacin kuma an saita inbata ta tsaya a bolt 53 ko 54, inda ƙwaya ba ta kai ga cika ba. A nan ne ƙirgar BMS ke ɓacewa, domin kuskure kaɗan-kaɗan take yi kullum. Wasu ba sa ma ganin wutar da ta gaza rabin amfiya ko amfiya ɗaya, ga shi inbata kanta, ko ba ta ɗauke da komai, tana cin wat 30 zuwa 60. Idan rabin amfiya ya zurare ba a ƙirga ba na awa goma, 5Ah ke nan a dare ɗaya. Cika fal ne ke mayar da lissafin kan hanya. In aka yi sati biyu ba a cika ba, allo na iya nuna 100 alhali batirin yana wajen 70. Haɗe da wannan akwai lodin dare da ya ƙaru ba ka sani ba. Firjin da robar ƙofarsa ta saki, a watan Afrilu, injinsa kusan ba ya hutawa. Firjin shekara huɗu da suka wuce ba shi ne na yau ba.

Na biyu, ƙwayoyin sun rabu da juna, ba sa cika tare. Na uku, tsufa na gaskiya. Gwaji ɗaya ne zai raba maka su ukun, in aka yi shi da natsuwa.

Ka zaɓi ranar da kake gida. Ka cika batirin da NEPA ko janareta, kada ka dogara da rana. Ka duba takardar kamfanin ka ga boltin cajin da suka ba da. Ga mai ƙwaya 16 yawanci yana tsakanin 55.2 da 57.6, kuma kada wata ƙwaya ta wuce 3.65. Kaiwa wannan boltin ba shi ne cika ba. Ka bar shi a nan har wutar da ke shiga ta ragu da kanta zuwa amfiya 5 ko ƙasa. Kafin ka cire cajin, ka buɗe shafin da ke nuna boltin kowace ƙwaya ka ɗauki hotonsa. Wannan hoton rabin amsarka ne, kada ka manta da shi. Sannan ka kashe caji, ka kashe abin yanke wutar fanel, ka bar batirin ya huta awa ɗaya.

Sai ka ɗora masa lodi mai tsayayyen ci. Kamfanoni suna auna ƙarfin da suke rubutawa ne a ɗaki mai zafin digiri 25, da lodin da zai ƙarar da batirin cikin awa biyar ko awa biyu. Kai ka nufi awa biyar, wato amfiya 20 ga batirinka, kusan wat 1,000. Hitar ruwa mai wat dubu a cikin babban duro ta fi komai dacewa, ko fitilun halojin. Kada ka yi da dutsen guga ko firji, domin suna kunna kansu suna kashewa. Ka kashe sauran kayan gida gaba ɗaya.

Ma'aunin da ya fi shi ne wanda ake sawa a baƙar wayar batirin kanta, ƙaramin ƙarfe mai suna shant da ke haɗe da mita mai ƙirga amfiya-awa. Akwai masu tsada irin na Victron, akwai masu araha na China, kuma ko mai arahar ta fi ƙirgar BMS da yawa. Mai aikin sola da ya san aikinsa ya kamata a ce yana da ɗaya a jakarsa. In babu, mitar matsa waya mai auna wutar DC za ta yi: ka rubuta amfiya duk bayan minti 15, ka fitar da matsakaici, ka ninka da awannin da aka yi. In ita ma babu, ka sa mitar soket mai ƙirga kilowat-awa tsakanin inbata da hitar, amma sai ka gyara lissafi, domin inbata tana cinye wajen kashi 10 a matsayin zafi.

Ga misali da lambobin da na ɗauko don bayani kawai. A ce mitar soket ta nuna 3.6 lokacin da wuta ta ɗauke. Ka raba da 0.9, ka samu kilowat-awa 4.0 da suka fito daga batiri. Ka raba 4.0 da 5.12, ka samu kashi 78. Idan inbata ce ta yanke a bolt 48, wato ƙwaya tana kan 3.0, to akwai ɗan ragowa a ciki, 'yan kashi ƙalilan, domin kamfani har 2.5 yake sauke tasa a gwaji. Sai ka ce batirinka yana wajen kashi 80, da kuskuren kashi biyar sama ko ƙasa. Wannan ya ishe ka yanke shawara. Ba na son ka matsa wa tsohon batiri har 2.5 don neman lamba mai kyau. In ka iya, ka sauke iyakar inbata zuwa 46 ko 47 don gwajin, sannan ka mayar da ita inda take.

A awar ƙarshe kada ka tashi daga wurin. Da zarar ƙwaya mafi ƙasa ta sauko wajen 3.1, komai zai fara gudu. Abin da ya yi awa huɗu bai motsa ba, cikin minti goma sai ka ga ya zube. Ka riƙa ɗaukar hoton shafin ƙwayoyin duk bayan 'yan mintuna har ya ɗauke. Da ya ɗauke kuma ka mayar masa da caji a ranar, kada ya kwana a haka.

Yanzu ka ajiye hoton sama da hoton ƙasa gefe da gefe, a nan ne aikin yake.

Idan duk ƙwayoyin sun hau tare sun sauko tare, tazararsu ba ta taka kara ta karya ba, to lambar da ka samu ita ce gaskiyar batirinka. Ya tsufa baki ɗaya, babu gyara, sai dai lallaɓawa. In kuma lambar ta fito 90 ko sama, batirin ba shi da laifi, ka koma kan fanel, saitin inbata da firji.

Idan ƙwaya ɗaya, a ce ta 7, ita ce ta riga kowa faɗuwa a ƙasa, amma a hoton sama ita ce ta baya, tana 3.36 alhali sauran sun haura 3.5, to ba ƙarfi ta rasa ba, an bar ta a baya ne. Sauran suna cika su sa a tsayar da caji tun ita ba ta ƙoshi ba, da dare kuma ta riga su ƙarewa ta sa a yanke wa kowa. Tunda a jere suke, duk abin da ta gaza da shi, gidan gaba ɗaya ya rasa shi. Idan tana baya da 20Ah, batirinka ya zama 80Ah ko da kowace ƙwaya sabuwa ce fil. Wannan shi ne abin da na fi gani a batiran da aka yanke wa hukuncin mutuwa, kuma yana ba ni takaici, domin magidanci ya fitar da kuɗi masu nauyi a kan abin da aikin kwana biyu zai gyara. Dalilinsa sau da yawa saitin inbata ne. Yawancin BMS ba sa fara daidaita ƙwayoyi sai sun kai wajen 3.4, wato bolt 54.4 a jimilla. Batirin da aka shekara ana tsayar da shi a 53.5 bai taɓa samun daidaitawa ba. Kuma mai daidaitawar da ke ciki rarrauna ce, wajen miliamfiya 50 zuwa 100 take iya ragewa daga ƙwayoyin da suka yi gaba. Ka lissafa: giɓin 20Ah a kan miliamfiya 50, awa 400 ke nan, ga shi awa ɗaya ko biyu kawai take samu a rana. Ba za ta cike shi ba ko a wata shida. Maganin shi ne ƙwararre ya buɗe, ya yi wa ƙwayar da ke baya caji ita kaɗai har ta kamo sauran, ko ya ƙara na'urar daidaitawa mai ƙarfi wadda ke kwashe caji daga ƙwaya zuwa ƙwaya da amfiya ɗaya ko biyu. Bayan haka ka sake gwajin. In bayan wata biyu ƙwayar ta sake komawa baya, to tana zubar da caji a cikinta ne, sai canji.

Idan kuwa ƙwaya ɗaya ce ta riga kowa kaiwa sama, kuma ita ɗin ce dai ta riga kowa faɗuwa ƙasa, to ita ce ta ƙanƙance. Tana saurin cika, tana saurin ƙarewa. Daidaitawa ba za ta yi mata komai ba. Ana iya canza ta, amma a samo mai girma da nau'i iri ɗaya, a kuma auna ta kafin a saka. Ka duba inda take zaune a cikin akwatin. Sau da yawa ta kusa da allon BMS ce ko ta tsakiya, inda zafi ya fi taruwa.

Akwai hali na huɗu da ke kama da wannan, kada a ruɗe. Ƙwayar da boltinta ke nutsewa nan take da an kunna lodi, ya yi tsalle da an kunna caji, amma da an kashe komai ta dawo daidai da 'yan uwanta. Wannan turjiya ce ta yi yawa a hanyar wuta, kuma kafin a zargi ƙwayar a duba notin da ke ɗaure da ita. Noti ɗaya da ya saki ko ya yi tsatsa yana iya sa batiri mai lafiya ya riƙa ɗaukewa, kuma wurin zai yi zafi fiye da sauran. Wannan aikin ƙwararre ne mai kayan aiki da aka naɗe da roba. Bolt 51 ba ya cika jan mutum, amma sifana ta faɗa tsakanin ƙarafa biyu, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta ta narke.

Tunda na ambaci turjiya: za ka ga masu sayar da ƙwayoyi suna ɗora wata mita mai allura huɗu, ta nuna musu lamba da miliom, su ce maka lafiya lau. Mitar tana da amfani wajen ware ƙwayar da ta fita daban da sauran, ko gano wadda ta lalace sosai. Amma LiFePO4 tana iya rasa kashi 20 na ƙarfinta turjiyarta ba ta wani motsa ba. Kada ka karɓi wannan lambar a madadin gwajin sauke caji.

Me ke cinye ƙarfin idan tsufa ne na gaskiya? A cikin kowace ƙwaya akwai adadin lithiyam da ke kai da komo tsakanin ɓangare biyu. A kan ɓangaren girafayit wata 'yar siririyar fata takan samu tun cajin farko, kuma tana ci gaba da kauri a hankali duk tsawon rayuwar batirin. Duk kaurin da ta ƙara, da lithiyam ta gina shi, wanda ba zai sake komawa aiki ba. Wannan yana faruwa ko ana amfani da batirin ko an ajiye shi, kuma abu biyu ne ke hanzarta shi: zafi, da daɗewa a cike fal. Ƙa'idar da masu sinadarai ke amfani da ita a gurguje ita ce, duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan aikin. Zagaye 6,000 da ake rubutawa a talla an same shi ne a ɗakin gwaji mai digiri 25. Wasu masu ƙera ƙwayoyi suna ba da lamba ta biyu ta gwaji a digiri 45, kuma takan gaza rabin ta farko. Kai a shekara huɗu da rabi ba ka wuce zagaye 1,650 ba ko da kullum kana sauke shi ƙarƙaf, don haka yawan amfani ba zai zama babban mai laifi ba. Amma a Kano, inda Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, batirin da aka kulle a sito mai rufin kwano, ba taga, inbata na hura masa zafi a gefe, ba rayuwar da aka rubuta a takarda yake yi ba. Ka duba ma'aunin zafin da ke manhajar da ƙarfe uku na rana a bazara, ka ga da idonka.

Zafi yana da wata yaudara kuma a ranar gwaji. Batiri mai ɗumi yakan ba da ɗan fiye da mai sanyi. In ka gwada da asubar Janairu, ka sake a Mayu, kana iya ganin kamar ya ƙaru. Ka rubuta zafin ƙwayoyin tare da sakamakon, ka kuma kwatanta gwaje-gwajen da aka yi a yanayi mai kama da juna.

Sai wata tambaya da ba a son yi: anya ya taɓa zama 100Ah? A kasuwa akwai batiran da aka haɗa da ƙwayoyin da suka faɗi gwajin masana'anta, da waɗanda aka ciro daga tsofaffin kaya aka sake musu riga, da waɗanda rubutun jikinsu ya fi cikinsu girma. Ƙwaya mai 100Ah ta gaske nauyinta wajen kilo biyu ne, 16 sun haura kilo 30, da akwati da sauran kaya batirin yakan kai kilo 40 zuwa 50. Wanda mutum ɗaya ke ɗauka da hannu ɗaya abin tuhuma ne. In batirinka 85Ah ya zo da shi tun farko, yau ka auna 70, to kashi 82 na asalinsa ya rage, ba 70 ba, kuma wannan ya canza hasashen yadda yake tsufa. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya sayi sabo ya yi wannan gwajin a satin farko, ya rubuta a takarda ya manna a jikinsa.

Game da tsawon lokacin da ya rage masa, gwaji ɗaya ba ya faɗi. Yana gaya maka inda kake ne kawai. Ka sake bayan wata shida, da lodi ɗaya, da ma'auni ɗaya. LiFePO4 yakan yi saurin raguwa kaɗan a shekarar farko, sannan ya daidaita yana sauka a hankali shekara da shekaru. In ka ga kashi ɗaya ko biyu ya tafi cikin wata shida, kana iya jan layin gaba ka yi shiri. Sai dai layin ba ya miƙewa har abada. Akwai lokacin da yake karyewa, batirin da ke rasa kashi uku a shekara ya fara rasa goma. Alamominsa su ne tazarar ƙwayoyi tana ƙaruwa duk da an daidaita, bolt yana nutsewa fiye da da in firji ya tashi, akwatin yana ɗumi a lodin da bai saba sa shi ɗumi ba. Kashi 80 da ake cewa ƙarshen rayuwa al'ada ce ta masana'antu, ba wai batirin ya daina aiki ba ne. Batirin gida mai kashi 70 da ƙwayoyinsa ke tafiya tare yana iya yi maka shekaru in ka rage masa lodin dare. Wanda ba a lallaɓa shi ne mai kumbura, mai wari irin na sinadari, mai tsatsafo, ko mai ƙwayar da ke zafi alhali ba a amfani da shi. Wannan a cire shi daga gida, a nesanta shi da ɗakin kwana.

Kuma tunda wani zai karanta wannan yana tunanin wayarsa ko kwamfutarsa: batiransu wani nau'i ne, mai cika a bolt 4.2 ko sama kaɗan, kuma boltinsu yana gangarowa a fili, don haka ƙiyasin na'urar ya fi kusa da gaskiya. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport zai fitar maka da ƙarfin asali da na yanzu. iPhone tun 2018 tana nuna kashin lafiyar batiri a saiti. Su ma sai an bar su sun cika sun sauka sosai lokaci-lokaci lissafin ke daidaita.

Kai kuma Alhaji, kafin kowa ya kwance noti ɗaya, ka nemo takardar garantinka. Masu batiran gida da yawa suna ba da shekara biyar ko fiye, wasu ma sun rubuta kashin da in batiri ya sauko ƙasa da shi za su gyara ko su canza. Naka shekara huɗu da rabi, wataƙila 'yan watanni ne suka rage maka, kuma buɗe akwatin na iya soke ta. Gwajin da na bayyana ba ya buƙatar a buɗe komai. Ka yi shi a wannan satin, ka haɗa hotunan ƙwayoyin, da lambar mita, da kwanan wata, da zafin ranar, ka kai wa dilan da ya sayar maka a rubuce. In an ce garanti ta ƙare, sannan ka kira mai gyara, ka nuna masa hotunan biyu, ka tambaye shi wace ƙwaya ce da abin da ya gani a cikinsu. In ya kasa amsawa, ka nemi wani.